Kwaɓi Ɗaya, Wuta Dabam-dabam

Kalmar kwaɓi ba ta da wani kwarjini. Ba a jin ta a huɗuba, makaɗan fada ba sa neman ta idan za su wasa sarki, kuma da an ambace ta abin da ke faɗowa a rai shi ne ƙwarya da hannun da ya yi dumu-dumu da gari. Amma wanda ya bi sawunta a bakin Hausawa zai tarar ta shiga lunguna da yawa. Magini yana kwaɓa ƙasa kafin ya yi tubali, lebura yana kwaɓa siminti, mai ƙunshi tana kwaɓa lalle, mai magani yana kwaɓa garin saiwa da zuma ko man shanu. Aikin duk ɗaya ne: a sami busasshen abu wanda ba ya riƙe kansa, a ba shi ruwa daidai gwargwado, a bi shi da hannu har ya zama jiki guda mai karɓar siffa. Sai kuma kalmar ta juya baya. Idan sha'ani ya lalace a ce ya kwaɓe. Wanda ya saki maganar da ba ta dace ba a cikin mutane, an ce ya kwaɓa ta. Yarinyar da ke shirin kuka ta kwaɓe fuska, uban da ya ga ɗansa zai kauce hanya kuwa ya kwaɓe shi. A kunnen Bahaushe sauti guda ne ke ɗauke da haɗawa da lalacewa da tsawatarwa, kuma duk wanda ya taɓa sa hannu a fulawa ya san dalilin da wannan bai zama baƙon abu ba, domin tsakanin kwaɓin da ya yi da wanda ya kwaɓe sau da yawa ruwa ne cikin ludayi ɗaya.

Kwaɓi yana da maƙwabta, kowanne da iyakarsa. Ana dama fura da kunu da koko, ana tuƙa tuwo, ana murza taliya, ana cuɗa abin da ya riga ya haɗu don ya yi laushi. Kullu dabam yake da kwaɓi: kullun ƙosai da na waina zuba su ake yi ko a ɗiba da ludayi, kwaɓi kuwa hannu yana iya ɗaga shi ya ajiye. Waɗannan kalmomi sun fita daga madafa sun shiga zaman jama'a. Daga dama muka sami a dama da kowa, da kuma gargaɗin nan cewa yadda ka dama haka za ka sha. Daga cuɗa muka sami cuɗanya, da cuɗe ni in cuɗe ka. Waƙoƙin aikin mata kuwa sun fi taruwa a bakin turmi da dutsen niƙa, inda ake lugude ana amsa wa juna, saboda a can wahalar gero da dawa take, su ne abincin kullum. Alkama ta daɗe tana zaman abincin ranar biki da sallah da garar amarya, irin su alkaki da dubulan. Abin da ya fi jan hankalina a nan shi ne cewa harshen ya riga ya auna kauri da ruwa da kalmomi. Yaron da ya tashi yana jin an ce abu ya yi tauri, ya saki, ya yi danƙo, ya tashi, ya yi tsami, ya shigo aji da ma'auni a kunnensa tun kafin a nuna masa sikeli.

Saboda haka nake ganin babu abin da ya fi dacewa da aikin gwaji na darasin girki a makaranta kamar kwaɓin burodi tsura, wanda ba a sa masa komai ba sai fulawa da ruwa da gishiri da yis. A makarantunmu na sakandare, inda ake koyar da tattalin gida a ƙananan azuzuwa da ilimin abinci a manya, abin da aka fi sabawa da shi shi ne malama ta cika allo da yadda ake yin kek, da bota da ƙwai da madara da ma'aunin zafin tanderun lantarki, ɗalibai su kwafa su haddace, alhali makarantar ba ta da tanderun, in ma tana da shi babu wutar. Abin da yaro ya tafi da shi gida jerin sunaye ne. Kwaɓin burodi kuwa ba ya buƙatar da yawa: fulawa giram 500, ruwa mai ɗumi kamar mililita 300 zuwa 325, gishiri giram 10, busasshen yis giram 5 zuwa 7. Wannan ya ishi rukunin yara biyar ko shida su sa hannu, kuma daga shi kaɗai ana iya fitar da abinci kala-kala. Fasahar da ake nema ga ɗalibi tana farawa ne daga gane abin da kowane ɗaya daga cikin huɗun nan yake yi, sannan ya sauya abu guda yana sane, ya ga abin da sauyin ya haifar.

Abin da ke faruwa cikin roba bayan an rufe ta da tsumma ilimi ne da ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin garin alkama akwai wasu sinadarai biyu masu gina jiki waɗanda idan suka sha ruwa aka cuɗa su sai su sarƙe su zama danƙo, shi ne turawa ke kira gulutin. Yis kuma halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai, dangin naman kaza. Tana cin sukarin da ke fita daga garin, tana fitar da iskar kabon dayoksaid. Danƙon nan shi ke tare iskar ya hana ta tsira, sai kwaɓi ya kumbura. Masarawan dā sun yi dubban shekaru suna cin burodi mai tashi ba tare da sun ga abin da ke tayar da shi ba, sai a ƙarni na 19 ne Louis Pasteur na Faransa ya tabbatar cewa ƙananan halittu ne ke wannan aiki. Gishiri yana ƙara wa danƙo ƙarfi, yana kuma ja wa yis linzami kada ya yi gaggawa. Ruwan da ya yi zafi sosai, wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kashe yis yake yi, shi ya sa mata ke gwada ruwan da bayan hannu. Duk wannan darasin ilimin halittu ne da na sinadarai, amma ga shi a gaban yaro yana motsi, yana da ƙamshi, yana iya danna shi da yatsa ya ga ko gurbin zai ciko.

Ba ma sai an je nesa neman dabarun sarrafa wannan kwaɓi ba, domin madafar Hausa ta riga ta yi gwajin tun da daɗewa. A dubi gurasa da alkubus da funkaso da fanke. Tushensu kusan ɗaya ne, garin alkama ko fulawa da ruwa da abin tayarwa, abin da ya raba su shi ne yawan ruwa da irin wutar da suka gamu da ita. Gurasa ana manna ta a jikin tanderun ƙasa da aka zafafa da kara, ta gasu cikin 'yan mintuna, kuma matan cikin birnin Kano, musamman wajen Jakara, sun yi suna da ita. Alkubus turara shi ake yi a gwangwani, ya fito fari tas, ba ɓawo, a ci da miyar taushe. Funkaso ana sakin kwaɓinsa ya yi ruwa-ruwa, a ɗebo da hannu a huda tsakiya a saka cikin mai. Fanke ya fi shi zaƙi, ana yanko shi da yatsu a jefa a kasko. Sunayen ma suna ba da labarin hanyar da suka biyo. Alkama da alkubus da gurasa daga Larabci suke, sun zo tare da cinikin hamada da ya haɗa Kano da Gadamus da Turabulus, cinikin da ya bar mana sunan unguwar Alfindiki. Burodi da fanke da fulawa da yis kuwa daga bakin Turawa suka shigo. A Yamai da Maraɗi da Damagaram dogon burodin Faransa mai ƙarfin ɓawo ne ya zauna, a Kano da Kaduna da Sakkwato kuwa mai laushi da zaƙi wanda mai shayi ke yankawa. Kowane zamani ya kawo nasa, mata suka karɓa suka daidaita shi da murhun da suke da shi.

Sauya yawan ruwa da irin wuta shi ne gwajin farko da ya kamata aji ya yi, kuma a ganina ya fi kowane muhimmanci. A kwaɓa guda ɗaya babba, a raba shi huɗu kafin ya tashi. Kashi na farko a bar shi yadda yake a gasa shi. Rashin tanderu ba hujja ba ce, domin matan da ke yin kek na sayarwa sun daɗe da sanin tukunyar yashi: a zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, a ɗora a kan gawayi ta ɗauki zafi, a jera gwangwanaye a kan yashin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfin. Kashi na biyu a murza shi fale-fale a gasa a busasshen kasko, ya yi kusa da gurasa. Na uku a ƙara masa ruwa da ɗan mai, a zuba a gwangwanin madara da aka shafe, a turara. Na huɗu a sake shi sosai, a sa sukari, a soya. Idan aka jera huɗun a faranti ɗaya tambayoyi za su taso da kansu. Me ya sa gasasshen ya yi ja, turararren ya tsaya fari? Domin tururi ba ya wuce zafin tafasar ruwa, digiri 100, ja da ƙamshin ɓawo kuwa sai saman kwaɓin ya bushe zafi ya haura haka nesa. Me ya sa soyayyen da aka saka a man da bai yi zafi ba ya sha mai ya yi nauyi? Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma yaron da ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar haddace shi.

Bayan wuta sai abin da ake ƙarawa, kuma a nan ne hannun ɗalibi ke samun sakewa. Ana iya cuɗa dafaffen dankalin Hausa da aka murƙushe cikin kwaɓin, ya ba shi zaƙi da laushi, ya sa ya daɗe bai bushe ba. Ana iya sa yankakken dabino da citta, ko a barbaɗa riɗi a sama, ko ɗan garin zogale kaɗan don kada ɗaci ya rinjaya. Wanda ke son mai gishiri ya murza kwaɓin ya shimfiɗa soyayyar albasa da yaji da dambun nama ko kifi, ya naɗe kamar tabarma ya yayyanka. Garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, waɗanda ke mai da gurasa bandashe, suna iya shiga ciki maimakon su tsaya a sama. Siffa ma fage ce mai faɗi. Yarinyar da ta iya kitso ba za a koya mata yadda ake saƙa igiyoyin kwaɓi uku ba, wanda ya saba ganin dagi a jikin gini da wuyan riga kuma zai iya gwada ƙulla shi da siririn kwaɓi. Sharaɗi ɗaya ne kawai nake ganin bai kamata a sassauta ba: a sauya abu guda a lokaci guda, a bar ɗan kashi ba a taɓa shi ba don kwatantawa, a rubuta abin da aka sa da yawansa. Mai da sukari idan suka yi yawa suna rage wa tashi sauri, kayan da ke da ruwa kamar dankali suna sa a rage ruwan kwaɓi. Ɗalibin da ya zuba abu biyar gaba ɗaya, ko ya yi daɗi ko ya lalace, ba zai san wanne ya jawo ba.

Akwai masu suka, kuma sukar da ta fi nauyi ita ce ta alkama kanta. Za a ce don me za a ɗora darasi a kan hatsin da mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, a ƙasar gero da dawa da masara? Maganar tana da tushe. Nijeriya tana noma alkama da rani a wurare irin su Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke kaiwa, da kwarin Haɗeja da yankin Tafkin Chadi, amma abin da ake nomawa ɗan kaɗan ne a kan abin da ake ci. A 1987 gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama don a tilasta noma ta a gida, bayan 'yan shekaru aka janye hanin. An yi ta yunƙurin sa garin rogo cikin fulawar burodi a zamanin Obasanjo, aka sake tayar da maganar a zamanin Jonathan lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma. Yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a 2022 ya ƙara nuna yadda rikicin wata nahiya ke isowa teburin mai shayi. Amma duk wannan hujja ce ta a koyar da kwaɓin, domin babu inda yaro zai gane matsalar kamar a cikin roba. A ba shi garin dawa ko na gero ko na rogo ya maye gurbin kashi ɗaya cikin goma na fulawar, sannan ɗaya cikin biyar, sannan rabi. Zai ga na farko ya tashi kusan daidai, na biyu ya ɗan yi nauyi amma ya yi ɗanɗanon kansa, na ukun ya zauna ya tsattsage, saboda hatsin namu ba su da danƙon da ke riƙe iska. Daga nan zai fahimci abin da ya sa kakanninsa suka bi da shinkafa da gero ta hanyar kullu da tanda, suka yi waina da sinasir, inda ba a buƙatar danƙo. Zai kuma gano da kansa cewa gurasar kasko ta fi burodin gwangwani jure haɗin gari, tunda ba a neman ta yi tsawo.

Suka ta biyu daga tarbiyya take fitowa, kuma ina girmama ta. An raine mu a kan cewa ba a wasa da abinci, ƙwayar hatsi idan ta faɗi a ɗauke ta, almubazzaranci kuma yana kore albarka. Uban da ya ji an ce 'yarsa tana gwaje-gwaje da fulawa a wannan tsada yana da haƙƙin ya tambaya ko ba ɓarna ake koya mata ba. Amsar ita ce kwaɓi yana cikin abubuwan da ba su cika lalacewa har a zubar ba. Wanda ruwa ya yi wa yawa ya zama fanke. Wanda ya ƙi tashi a murza shi a gasa a kasko, ko a yayyanka a soya ya yi kama da cincin. Wanda ya wuce lokaci ya yi tsami a gutsuri kaɗan a sa cikin sabon kwaɓi, ya taimaka masa tashi ya ƙara masa ɗanɗano, dabarar da masu burodi suka dogara da ita kafin a fara sayar da yis a leda. Malamin da ya sa dokar cewa duk abin da aka kwaɓa sai an ci shi ya koyar da ceton abinci, wanda ya fi girke-girken ranar wadata amfani a gidajenmu. Ɓarnar da ta fi wannan ita ce a sayi bota da ƙwai a yi kek guda ɗaya a gaban aji, yara sittin suna kallo daga nesa.

Sai maganar lokaci da jarrabawa. Darasi minti 40 ne, ko 80 idan an haɗa biyu, kwaɓi kuwa yana son awa guda ko fiye kafin ya ninka, kuma ba ya bin ƙararrawa. A bazara, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, kafin a ankara ya tashi ya zube. A hunturu, wato sanyin da alkamar Kadawa ke so, sai ya yi nawa, iska kuma ta busar da samansa idan ba a rufe da jiƙaƙƙen tsumma ba. Wannan ba cikas ba ne ga mai tsari: a kwaɓa da safe kafin shiga aji, a ajiye, a dawo kansa bayan tara, a sa yara biyu su riƙa leƙawa suna rubuta tsayinsa a jikin roba. Sauri ya haifi nawa, kuma kwaɓin da aka gasa bai gama tashi ba yana nuna haka ƙarara. Masu cewa hukumomin jarrabawa irin su WAEC da NECO abu daidaitacce suke so, gaskiya suka faɗa, sai dai wanda ya san dalili shi ke iya fitar da abu iri ɗaya a ranar zafi da ranar sanyi. Irin wannan ɗalibi zai kuma gane abin da ya sa wasu gidajen burodi ke sha'awar sinadarin buromet, wanda ke ƙara wa danƙo ƙarfi burodi ya yi girman da ya fi nauyinsa, da abin da ya sa hukumar NAFDAC ta haramta shi saboda haɗarinsa ga lafiya.

Wasu kuma za su ce wannan darasin 'yan mata ne, kuma su ma a gida za su koya. Kasuwa ba ta goyi bayan wannan ba. Masu aiki a gidajen burodi galibi maza ne, haka masu shayi, haka masu tura burodi a babur zuwa ƙauyuka, kamar yadda gurasa da funkaso da alkaki ke riƙe da gidaje da yawa ta hannun matan da ba sa fita ko ƙofar gida. Barmani Choge ta yi shekaru tana kiran mata da su riƙi sana'a a waƙoƙinta na amada, kuma sana'ar da jarinta bai wuce mudun fulawa da gawayi ba tana cikin mafiya sauƙin farawa ga mace da namiji. Abin da gida ke bayarwa shi ne hannu da ido, uwa ta ce a zuba ruwa har sai ya yi, kuma wannan ilimi ne na gaske. Makaranta tana ƙara masa awo da rubutu da lissafin kuɗi: nawa aka kashe, guda nawa aka fitar, a nawa za a sayar a ci riba. Saboda haka makin aikin bai kamata ya tsaya a kan wanda nasa ya fi kyau a faranti ba. A duba littafin da ɗalibi ya rubuta gwajinsa, a kuma yi masa tambayar da mai gida zai iya yi masa gobe: ga fulawa rabin mudu da garin dawa kofi guda, babu tanderu, hunturu ake yi, baƙi za su iso bayan la'asar, me za ka yi musu, kuma da ƙarfe nawa za ka kwaɓa?